Me ya sa masu makamin nukiliya ba sa harba shi?

Ɗan'uwa, ka ce kun yi musu a rumfar mai shayi ranar kasuwar Maigatari: me ya sa ƙasashe ke zuba dukiya a makamin da ba sa harbawa?

Ɗauki maƙwabta biyu da rumbunansu ke jingine da juna, ga hunturu, iska na kaɗawa. Wanda duk ya cinna wa rumbun ɗaya wuta, geronsa ma ya tafi. Tsoron ramuwa ke riƙe hannu. Amurka kaɗai ta taɓa jefa makamin nukiliya a yaƙi, a Hiroshima da Nagasaki cikin Agustan 1945, lokacin babu mai rama wa Japan. Da Tarayyar Sobiyet ta gwada nata a 1949, lissafi ya sauya.

Gishirin dabarar shi ne abokin gaba ya sakankance cewa ko ya riga ka duka, kana da sauran abin ramawa. Shi ya sa ake ɓoye wasu makaman cikin jiragen ruwa masu nutso a ƙarƙashin teku, inda ba a san wurinsu ba.

Amma ni ban kira wannan zaman lafiya ba, zaman doya da manja ne. A Oktoban 1962, kan makaman da Sobiyet ta girke a Kuba, Kennedy shugaban Amurka da Khrushchev shugaban Sobiyet sun shafe kwana 13 duniya na ɗar-ɗar. Kuma makamin ba ya hana ƙananan faɗa: Indiya da Pakistan sun gwada nasu a 1998, shekara ta zagayo suka gwabza a Kargil da ke yankin Kashmir.