Me yara ke koya a zangon kaka a Ingila?

Tambaya: Malama, mun koma Ingila da zama, kuma ɗana mai shekara 5 zai shiga ajin farko na firamare. Me ake koya musu a zangon kaka?

Amsa: Hajiya, wannan zango yana farawa a farkon Satumba, a yi hutun mako ɗaya a ƙarshen Oktoba, sannan a rufe gab da Kirsimeti. Abin da aka fi ba wa ƙarfi shi ne karatu ta hanyar sautin haruffa, inda yaro zai furta kowane sauti shi kaɗai kafin ya haɗa su su zama kalma, kuma a ganina nan ne ya fi buƙatar taimakonki da yamma. A lissafi sukan fara da ƙirge da tarawa da ɗebewa a ƙananan lambobi.

Kimiyya kuwa tana bin yanayi: malama takan fita da su harabar makaranta su tsinto ganyen da ya yi ja ya zube, su bambance bishiyar da ke kaɗe ganye da wadda ba ta kaɗewa. A darasin tarihi, makarantu da dama sukan ba da labarin yunƙurin tarwatsa majalisar dokoki na 5 ga Nuwamba, 1605.