Direban tasi mai kai balas: ma'aikaci ne ko ɗan haya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Barista. Ni direban tasi ne, ina lodi daga Kabuga zuwa Bata. Shekara shida ke nan ina jan motar wani Alhaji, kullum da dare in kai masa balas. Mai daga aljihuna, ƙananan gyare-gyare ma ni, sai in inji ya buga yake sa hannu. Watan jiya ciwon baya ya kwantar da ni sati biyu, ina miƙewa na tarar ya ba wani makulli, ko sallama babu. Na ji a rediyo an ce mafi ƙarancin albashi dubu 70 ne. Shin ina bin sa cikon albashi, ko kuɗin sallama? Daga wani direba a Rijiyar Zaki.

AMSA: Wa alaikumus salam, malam direba. Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne.

Bari in fara da mai ɗacin. Maganar dubu 70 ka cire ta daga ranka. Gaskiya ne a watan Yulin 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu aka ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000, Gwamna Abba Kabir Yusuf kuma ya sa wa ma'aikatan jihar Kano 71,000. Amma dokar da kanta ta tsame duk wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ta kuma tsame masu aiki a kan kamasho. Alhajin da ke da tasi biyu ko uku bai shiga ciki ba, ko da kotu ta yarda kai ma'aikacinsa ne.

To, kai ma'aikacinsa ne? A nan gizo ke saƙar. Kotu ba ruwanta da sunan da kuke kiran juna. Ka ce masa maigida, ya ce maka yarona, duk ladabi ne na gari. Abin da alƙali zai bi shi ne yadda mu'amalar take tafiya. A shari'ar kamfanin Shena Security da Afropak a 2008, Kotun Ƙoli ta zayyana alamomin: albashi ake biyan mutum ko ladan aikin da ya gama? Kayan aikin na waye? Wa ke yanka lokacin fita da na tashi? Zai iya ba wani ya yi aikin a madadinsa?

Mu auna ka a wannan sikelin. Mota ta Alhaji ce, wannan ya rinjaya wajenka. Amma dubi inda kuɗi yake gangarawa. Ma'aikaci hannu yake miƙawa a ba shi a ƙarshen wata. Kai kuwa kai ne mai miƙa wa Alhaji kowane dare. Ran da kasuwa ta yi kyau rarar taka ce, ran da aka wuni ana ruwa ko 'yan KAROTA masu kula da hanya suka riƙe ka, asarar taka ce, balas kuma ba ya raguwa. A fahimtata wannan ya fi kama da hayar mota, kai ne ɗan haya mai cin gashin kansa. Kawuna ya ja tasi a garin nan tun ina firamare, har ya ajiye sitiyari yana cewa shi yaron wane ne, alhali a lissafi shi ne yake biyan wanen.

Ban ce ƙofa ta rufe ba. In Alhaji ne yake cewa ka fita ƙarfe kaza ka dawo ƙarfe kaza, ya hana ka wuce Janguza, ya hana ka ba kowa motar ya ɗana, ko yana aiken ka kai yara makaranta da kai Hajiya unguwa ba tare da an rage balas ba, balle a ce akwai wani abu tsayayye da yake ba ka duk wata, to hoton ya fara sauyawa. Dokar Ƙwadago ba ta sharɗanta sai da takarda ba, yarjejeniyar baka ma tana aiki. In har aka ɗauke ka ma'aikaci, sashe na 11 ya ba wanda ya shekara biyar ko fiye sanarwar wata guda kafin a sallame shi, ko kuɗin da zai maye gurbinta. Akwai kuma biyan kwanakin jinya har 12 a shekara in likita ya ba da shaida. Hurumin wannan na Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ne, tana kuma da reshe a nan Kano.

Kada wani ya ruɗe ka da labarin Ingila, inda Kotun Ƙolinsu ta yanke a 2021 cewa direbobin Uber, kamfanin tasi da ake kira ta manhajar waya, sun cancanci mafi ƙarancin albashi. Can kamfanin ne yake yanka kuɗin fasinja, shi yake karɓa, shi yake ladabtar da direba. A nan gida kuwa, wasu direbobin Uber da Taxify sun gwada irin wannan ƙara a Legas, a 2018 kotu ta kore ta saboda ba su kawo isassun hujjoji ba. Rashin hujja ya kayar da su, shi ne kuma nake jiye maka.

Ni dai da ni ne, ba kotu zan fara nufa ba. Kuɗin lauya zai iya cinye abin da za ka samo. Ka je wajen shugabannin ƙungiyarku ta NURTW a tashar da kake lodi, ku ɗauki dattijo ɗaya da Alhaji yake jin nauyinsa, a zauna. Shekara shida ba ka ci amanar mota ba, wannan magana ce mai nauyi a zauren sulhu ko da ba ta da sashe a doka. Ka nemi ya sallame ka da wani abu, ko ya mayar maka da kuɗin manyan gyaran da ka yi daga aljihunka in akwai.

Kafin ku je, ka tattara littafin balas in kana rubutawa, da shaidar tura kuɗi ta waya, da takardar asibiti. Ka kuma sake rubuto mini amsar abu biyu: wa yake yanka maka lokacin fita, sannan a shekara shidan nan ko akwai watan da kuɗi ya fito daga hannun Alhaji ya shigo naka?