Zauren Tambaya: Kwana biyar a Santanbul cikin sanyin Janairu

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Maigidana zai je Santanbul sarin kaya a watan Janairu, ya ce wannan karon da ni za a tafi. Kwana biyar za mu yi, biyu na kasuwa ne, uku nawa. Ina son in ga Aya Sofiya da fadar sarakunansu, in je Bursa in taɓa dusar ƙanƙara da hannuna, in leƙa tsibiran nan, sannan in je Kapadokiya inda ake tashi a balan-balan kamar yadda nake gani a TikTok. Yaya zan tsara? Daga wata amarya, Funtuwa.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ƙara wa maigida buɗi, ya bar ku tare. Amma kin ɗebo ruwan dafa kanki. Kapadokiya ki ajiye ta sai wani jiƙon. Tsakaninta da Santanbul ya haura kilomita 700, sai an hau jirgi an kwana, kuma balan-balan ɗin da sassafe yake tashi. Iska tana ɓaci a soke, wanda a lokacin sanyi ba baƙon abu ba ne. Tsibiran kuwa, Buyukada da 'yan'uwanta, wurin shan iska ne na lokacin zafi. A Janairu iskar ce za ta sha ki.

Abin da masu hoton TikTok ba sa faɗa shi ne gajartar yini. A Janairu rana ba ta fitowa a can sai kusan takwas da rabi, wajen shida kuma ta faɗi. Sannan sanyinsu ba irin hunturunmu ba ne, wanda da hantsi ya dubi ludayi an tuɓe rigar sanyi. Nasu jiƙaƙƙe ne, da yayyafi da iskar teku, ma'aunin zafi yana yawo tsakanin 3 da 9. Zuwana na farko da wani takalmi mai buɗaɗɗen baya na fita, ina taƙama na sa safa biyu. Kafin azahar safar ta tsotse ruwan da ke kwance tsakanin duwatsun daɓen unguwar Sultanahmet, yatsuna suka daina ji. Don haka ranar da kuka sauka, kafin komai, ki ja maigida unguwar Laleli, tunda can ma zai yi sarinsa, ya saya miki rufaffen takalmi da ba ya shan ruwa da jibgegiyar rigar da za ta hau kan abaya. Kuma ki riƙa yin alwala a masauki kafin ki fita. Ruwan famfon masallatan nan a Janairu, Allah dai ya ba da lada.

Ki nemi masauki kusa da layin T1, ƙaramin jirgin ƙasan da ke bin tsakiyar titi. Shi ne ya ratsa Laleli da Babbar Kasuwa da Sultanahmet har Eminonu bakin ruwa. Ku sayi katin Istanbulkart, da shi ake shiga jirgin da bas da jirgin ruwa. Ki riƙe ranaku biyu a ka: fadar sarakunan nan, Topkapi, a rufe take ran Talata, Babbar Kasuwa ran Lahadi.

Yini ɗaya ki ba Sultanahmet kacokan. Aya Sofiya coci ce da aka gama gininta a 537, ta zama masallaci a 1453 da Sultan Muhammadul Fatih ya ci garin, aka mayar da ita gidan tarihi, a 2020 aka dawo da salla. Masu yawon buɗe ido suna biya su hau bene, ke kuwa ki daidaita zuwanki da azahar ki shiga ki bi jam'i. Masallacin Sultan Ahmed mai hasumiya shida yana kallonta, taku kaɗan ne. Amma inda nake so ki daɗe shi ne ɗakin amanoni na Topkapi, inda aka adana kayan da ake jingina wa Manzon Allah (SAW) da takubban sahabbai, waɗanda aka fara tarawa bayan Sultan Salim ya ci Masar a 1517. Ɗakin ba haske sosai, mutane na tafiya a layi ba mai ɗaga murya, ga alaramma a gefe yana karatun Alƙur'ani ba yankewa. Ranar da na shiga, wata tsohuwa Baturkiya a gabana kuka take yi a hankali tana share ido da bakin mayafi. Ban ma tuna da waya ba.

Yini na biyu ki ziyarci kabarin Abu Ayyubal Ansari a unguwar Eyub, sahabin da ya sauki Manzo a gidansa a Madina. Da la'asar ki hau jirgin ruwa daga Eminonu zuwa Uskudar, minti ashirin kin bar Turai kin shiga Asiya. Ki zauna ciki gefen taga, ki karɓi shayi a ɗan kofin gilashi, ko salep, wani abin sha mai kauri kamar kunu da ake barbaɗa wa kirfa.

Fita wajen gari guda ɗaya tak za ki yi, Bursa, kuma kada ki tsayar mata da rana tun daga Funtuwa. Ki duba hasashen yanayi ki ba ta ranar da gari ya fi washewa. Akwai wata iskar kudu da suke kira lodos, in ta taso sai a dakatar da jiragen ruwan da ake bi zuwa Bursa. Ta taɓa mayar da ni masauki da tikiti a hannu. Idan haka ta faru akwai bas, ta gadar Osmangazi, kamar awa uku. Ku fita bayan asuba, ku fara da dutsen Uludag mai tsayin mita 2,543, domin ko Santanbul ba ta yi ƙanƙara ba, can sama ana samu. A wani akwati mai gilashi da ke tafiya rataye a waya ake hawa, teleferik suke ce masa, shi ma iska na tsayar da shi. In kun sauko ku yi salla a Ulu Jami mai ƙubba ashirin, ku leƙa kabarin Usman Gazi, wanda ya kafa Daular Usmaniyya (ta Turkawa fa, ba tamu ta Sakkwato ba), jikokinsa kuma suka yi mulki har 1922. Ku ci kebab ɗin Iskandar, asalinsa ɗan garin ne.

Masu tallan yawon Bursa za su tare ku a bakin otal da farashi mai daɗi. Ki tambaye su sau nawa motar za ta tsaya a shagon alewa da zuma kafin a kai dutsen.