Zafin Bututun Kwamfireso: Amsa ga Yaron Warsha

Ɗana, abu biyu ka tambaye ni. Na farko, me ya sa bututun da ya taso daga kan kwamfireson iska zuwa tanki yake ƙona hannu, alhali ba wuta ba fetur a ciki. Na biyu, me ya sa kwamfireson mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, mai gas ɗin R32 ya fi na mota mai gas ɗin R134a zafi. Duk biyun uwarsu ɗaya, wato yawan zafin da iska ke sha kafin jikinta ya ɗumama.

Ɗauki kilo 1 na iska ka kulle a tankin ƙarfe. Kafin zafinta ya hau digiri 1 sai ta sha kilojul 0.718, kilojul kuwa ma'aunin yawan zafi ne. Wannan shi littattafai ke rubutawa cv. Zuba kilon nan a silinda mai fistin da zai iya matsawa, sai ka ga digiri 1 ɗin ya ci kilojul 1.005, shi ne cp. Rarar 0.287 ba ɓata ta yi ba, ita ce ladan tura fistin da iskar ta yi tana buɗewa. Wani likita Bajamushe, Julius Robert Mayer, da wannan rarar ya yi lissafi a 1842 ya nuna cewa aikin ƙarfi da zafi kuɗi ɗaya ne, canji kawai ake yi. To kwamfireso juya zancen yake. Fistin ne ke tura iska, ƙarfin injin da ke juya shi ya shige ta, ba ƙofar fita, sai ya zama zafi.

Raba cp da cv za ka sami 1.4. Riƙe lambar nan da kyau, ana ce mata gama, ita ke faɗa maka zafin da zai fito.

Ga yadda ake yi, kuma wayarka ta isa. A ce gejin tanki ya nuna ba 8 ("ba" a nan ma'aunin matsin iska ne, bar a Turance), ƙara 1 na iskar sarari, ya zama 9. Kwamfireso yana zuƙa a ba 1, ke nan ya matse ta ninki 9. Cire 1 daga 1.4 ka raba da 1.4, ka sami 0.286. Buga 9, danna maɓallin xʸ, sa 0.286, zai ba ka 1.87. Zafin iskar da ke shiga kuma sai ka ƙara masa 273 tukuna, don lissafin da ma'aunin Kelvin yake aiki. Wurin nan da wurin ƙara 1 ɗin nan ne yara ke faɗuwa kullum. Da azahar ɗin bazara a Sana'iyyar Jidda, cikin rumfar kwano, iska na iya kai digiri 45, wato 318. Ninka da 1.87, cire 273: kusan digiri 322. Ba za ka auna hakan a bututu ba, don haƙarƙarin silinda da fanka suna kwashe kaso mai yawa, amma nan ne iskar ta nufa in ba a tare ta ba.

Yanzu sake lissafin da iska mai digiri 25. Zai ba ka wajen 284. Digiri 20 a bakin shiga ya zama kusan 38 a bakin fita. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ga an cusa kwamfireso a lungu an rufe ƙofa don ƙara. Iskar da ya dafa ita yake sake zuƙa. A ba shi taga, a janye shi daga bango aƙalla kamu biyu.

Dalilin nan ne kuma ya sa manyan injuna ke matsa sau biyu. Ninki 3, a bi da ita ta bututu mai haƙarƙari ta huce, sannan wani ninki 3. Kowane zango wajen digiri 162 zai tsaya, ba 322 ba. Mai ya huta, bawul ya huta, wuta ma ta ragu.

In zafi ya wuce na kullum, fara da matatar iska. Ƙurar garin nan tana toshe ta, matsin shiga ya faɗi, a ce zuwa 0.8, sai ninki 9 ya haura 11 alhali geji bai motsa ba. Sai bawul ɗin fita: in gawayin ƙonannen mai ya hana shi zama daram, iska mai zafi ta koma silinda a sake matse ta, kan injin ya yi tururi, tanki kuma ya ƙi cika da wuri. Sa yatsa a bayan farantin bawul, in ka ji kaushi baƙi kamar ƙanzon tukunya, ka gano shi. Duba kibiyar da ke jikin babbar ƙafar bel ma. An sha juya layukan wuta uku bayan gyara, injin na matsa iska lafiya lau amma fanka ba ta hura silinda. In kuwa tanki ya cika da zafinsa, digiri 60, ka dawo ya huce zuwa 35 ka tarar geji ya sauka daga 8 zuwa wajen 7.3, kar ka ɗauko ruwan sabulu. Ba yoyo ba ne, iska ce ta huce a rufaffen wuri.

Mu zo kan firiyon, wato gas ɗin sanyaya irin su R32 da R134a. Ƙwayar gas in tana da gaɓoɓi da yawa, tana da aljihun ɓoye zafi da yawa, sai gamarta ta yi ƙasa. Agon ɗin walda ƙwayar zarra 1 ce, gamarsa 1.67. Iska 2, gamarta 1.4. R32 na da 5, wajen 1.25. R134a na da 8, wajen 1.12. Ka zuƙo kowanne a digiri 15 ka matse ninki 4, a takarda R32 zai fito kusan 107, R134a kusan 61. Kai ka ga tazara. Saboda haka R32 ba ya yafe sakaci. Gas ya ragu kaɗan, ko kwandensa, wato ɓangaren waje mai fitar da zafi, ta cushe da ƙura a bisa soro cikin rana, ninki ya hau, mai ya fara ƙonewa a ciki.

Kar ka ƙara auna bututun fita da tafin hannu. Daure bakin ma'aunin zafi santimita 15 daga jikin kwamfireso, nannaɗe shi da soso don iskar waje kar ta ruɗe shi, bar injin ya yi minti 15 yana aiki. In ya doshi digiri 107 a mukayyif, kashe, wanke kwandensa, duba fanka, sannan ka nemi yoyo da naitirojin. Iskar oksijin ko da wasa kar ta kusanci layin nan, don in ta haɗu da mai a cikin matsi fashewa take yi. Gobe in Allah ya kai mu ka auna na shago da safe, ka sake aunawa bayan azahar, ka kawo mini lambobin biyu tare da lissafinka.