Liquidambar da sanyin hunturu

Ka tambaya ko itacen Liquidambar styraciflua maple ne, wato wani itacen ƙasashen sanyi mai ganye kama da nasa, kuma ko zai jure hunturu a lambu. Ba maple ba ne, ɗan dangin itatuwan da ake kira Altingiaceae ne. Dubi reshensa: ganyen maple biyu-biyu suke fitowa suna fuskantar juna, nasa kuwa ɗaya bayan ɗaya. Babbansa yana jure sanyin digiri 20 ƙasa da sifili, kuma zubar da ganye da kaka ɗabi'arsa ce, kada ka tsorata.

Sai dai ka binciki asalin irin, domin na Meziko bai kai na ƙasar Amurka juriya ba. Ƙaramin da na dasa, ƙanƙara ta ƙone masa sabon toho shekarar farko, sai da na riƙa lulluɓe shi da daddare kafin ya farfaɗo.