Tsohuwar Mustang ta 1965 da 1966: amsoshin tambayoyinku kan saye, gyara da neman kayan safaya

Tambayoyin da suka taru a wannan karon duk a kan mota ɗaya suke, wato Ford Mustang ta farko, wadda aka fara nunawa a New York a watan Afrilun 1964. Mun zaɓi guda biyar.

Motoci biyu aka yi mini tayi a Amurka. Ɗaya fentinta na ƙyalli, tana tashi, amma mai ita ya ce "akwai 'yar tsatsa a ƙasa". Ɗayar injinta ya kwanta shekara da shekaru, fenti ya ƙoƙe, sai dai ta zauna a Arizona tun fil azal. Wace zan ɗauka?

Malam, ɗauki ta Arizona, jiha mai busasshen yanayi inda tsatsa ba ta cika cin mota ba, matuƙar bincike ya tabbatar da abin da aka faɗa maka. Inji da giyabos na wannan mota ana samun kayansu kamar ƙasa, kuma kowane ƙwararren bakanike zai iya haɗa su. Tsatsa ce ke cinye kuɗi, domin Mustang ba ta da shasi daban da ake ɗora bodi a kai. Bodin ne shasin. In ƙarfen ƙasa ya ruɓe, abin da ke riƙe da motar gaba ɗaya ne ya ruɓe.

Wurin da za a fara dubawa shi ne akwatin iskar da ke tsakanin bonet da gilashin gaba, inda ake ganin ramukan shan iska. Ford bai yi wa cikinsa fenti sosai ba, ganyaye da ƙura suna taruwa su toshe hanyar ruwa, ƙarfe ya huje. A zuba ruwa bokiti guda a ramukan, wani ya kwanta a cikin mota da tocila yana kallon ƙarƙashin dashbod. In ruwa ya ɗigo, to daɓen motar ma ya sha ruwan sama shekaru da dama, ko da an lulluɓe shi da sabon kafet. Gyaran wannan wuri sai an cire gilashi da fenda biyu, an huda ɗigon walda masu yawan gaske ɗaya bayan ɗaya. Aiki ne na makonni.

Daga nan a ɗaga motar a duba dogayen ƙarafan ƙasa na gaba da na baya, musamman inda sifirin ɗin baya ke ɗaure, da hasumiya biyun da ke riƙe da shokozoba a ɗakin inji, waɗanda kan tsage, da ƙarƙashin batir, da kusurwoyin but. A tafi da sukundireba a soka, kuma a tafi da ƙaramin maganaɗisu: inda ya ƙi kamawa a jikin ƙofa ko bayan taya, fanel bita ya cika wurin da foti ne. Sabon baƙin fenti mai kauri a ƙarƙashin tsohuwar mota ba alheri ba ne, galibi wani abu aka rufe.

Sai lambar shaidar motar. Tana da harafi da lambobi 11, an buga ta a ƙarfen cikin fenda na hagu. Ɗauki misalin 5F07C: 5 na nufin 1965, F masana'antar Dearborn, 07 mai rufin ƙarfe, 08 mai buɗaɗɗen rufi, 09 mai zubabben baya. Harafi na biyar shi ne inji: T silinda shida, C inji 289 mai kafireta baki biyu, A mai baki huɗu, K kuma mai doki 271, wadda ta fi duka tsada kuma aka fi yin jabunta. Farantin da ke jikin ƙofa ba hujja ba ne, ƙofa ana canza ta. Lambar fenda dole ta yi daidai da ta takardar mallaka. In kuma gida za ka kawo ta, sitiyarinta na hagu ya dace da titunan Najeriya da Nijar, amma Najeriya na da dokar ƙayyade shekarun motar da za a shigo da ita, don haka ka zauna da kwastan ko amintaccen ejan kafin ka biya ko sisi.

Mahaifinmu ya bar mana ita a gareji, ta fi shekara goma ba a tayar ba. In sa batir in gwada?

A'a, Hajiya, kada a taɓa makulli tukuna. Man da ke jikin ƙarafa ya tsiyaye tuntuni, fetur ɗin tanki ya zama danƙo. In mai silinda takwas ce, a cire fulogi takwas ɗin, a zuba kamar cokali ɗaya na mai mara kauri a kowace silinda, a bar shi kwana biyu. Sannan a sa soket 15/16 a notin fulin gaba a juya injin da hannu, zagaye biyu cikakku. In ya cije, kada a tilasta, ringi ne zai karye. A ƙara mai a ƙara haƙuri.

In ya juya, a zubar da tsohon baƙin mai, a sa sabuwar filta da mai lita 4.7. A yi alama a inda distirbuta take, a zare ta, a sa soket mai kusurwa shida na kwata inci, haɗe da doguwar sanda, a kan sandar famfon mai, a juya da injin huda ta hannun hagu, wato saɓanin tafiyar agogo, har mai ya fito a saman bawul. A naɗe soket ɗin da salatif a jikin sandar, don in ya faɗa cikin inji sai an kwance kaskon mai. Kuma in da hali a kwance kaskon ma tun farko: robobin bawul na wannan inji suna bushewa su farfashe, ɓarɓashin ya shiga famfon mai ya cije shi, sandar ta murɗe, inji ya ci kansa cikin minti kaɗan.

Fetur na gwajin farko daga jarka za a ja shi, ba daga tanki ba. Tankin kuwa sabo ya fi wanki, ba shi da tsada, kuma a wannan mota saman tankin shi ne daɓen but, don haka tanki mai huji warin fetur ne a cikin mota. A canza duk tiyon roba na fetur, a wanke kafireta a sa mata sabbin robobi da gasket. In ya tashi ya yi ɗumi, a auna matsin kowace silinda. Abin nema shi ne su yi kusa da juna, bambanci kada ya wuce kashi goma cikin ɗari. Wadda ta faɗi, a zuba mata ɗan mai a sake aunawa: in ta ɗago, ringi ne, in ba ta motsa ba, bawul ne ko gasket ɗin tof silinda.

Ko ya tashi lafiya lau, kada motar ta fita ƙofar gida sai an yi birki. Mustang ta 1965 da 1966 tukunyar man birki ɗaya gare ta, tiyo ɗaya ya fashe birkin ƙafa huɗu ya tafi. Daga 1967 aka koma mai ɗaki biyu, kuma masu gyara da yawa ita suke ɗaurawa. Wannan canji muna goyon bayansa ko ga mai son komai ya zauna yadda kamfani ya yi shi. Bututun ƙarfen inci 3/16 ne, bakinsa ninki biyu ake yi masa irin na Amurka. Bakin bututun motocin Turai bai zauna a wurin ba, zai yi yoyo. Tayoyi ma a zubar, ko da zanensu bai goge ba.

A ina zan sami kayan gyara? Na zagaya Ƙofar Ruwa ban ga ko fitila ba.

Ba za ka gani ba, ɗan'uwa, haka ma Fanteka ko Ladipo, sai dai abin da ya yi daidai bisa sa'a, irin su fanbel, tiyo da boris in ka je da tsohon a auna. Amma abin farin ciki, da wuya a sami tsohuwar motar da ake ƙera wa sabbin kaya kamar wannan. National Parts Depot da CJ Pony Parts suna sayar da kusan komai, daga robar ƙofa zuwa daɓe. RockAuto da Summit Racing sun fi dacewa da kayan inji da birki. Dynacorn ma har bodi sukutum yake ƙerawa da izinin Ford. Wanda ke zaune a Amurka kuma yana da kasuwannin tsofaffin kaya, kamar taron Ford na Carlisle a watan Yuni da na Hershey a watan Oktoba, duka a jihar Pennsylvania.

Kaya iri uku ne. Akwai wanda Ford ya ƙera tun wancan zamani ba a taɓa ɗaurawa ba, 'yan kasuwa na rubuta masa NOS. Ya fi kowanne zama daidai, ya fi tsada, amma kada ka sayi na roba a cikinsa, robar da ta shekara hamsin a kwali ta mutu. Akwai sabon ƙira, wanda ingancinsa hawa-hawa ne: fenda mai arha takan zo da ƙarfe siriri, sai fanel bita ya yi kwana yana lallashinta kafin layinta ya haɗu da ƙofa. Akwai kuma na hannu. A kayan ado masu ƙyalli, maƙallai da fenda, tsohon asali mai lafiya ya fi sabon kwaikwayo.

Koyi karanta lambar da Ford ke sa wa kayan gyara. A C5ZZ, C na nufin shekarun 1960, 5 ita ce 1965, Z ta farko Mustang ce. Kaya da yawa na ƙasa da na inji iri ɗaya ne da na Falcon da Fairlane, kuma sau da yawa sun fi sauƙi in ba a ambaci sunan Mustang ba. Ka kuma san watan da aka ƙera motarka, domin wajen Agustan 1964 an yi canje-canje: motocin farko dinamo gare su, na baya altaneta, a mai silinda takwas kuma, injin farko noti biyar ke haɗa shi da giyabos, na baya shida. Mai silinda shida wilinta noti huɗu ne, mai takwas biyar, birkinsu da akselinsu ba sa shiga juna.

Ƙananan kaya su zo ta jirgin sama, ƙarfen bodi da gilashi ta ruwa, a tara su zuwa ɗaya. A cikin odar farko ka saka littafin gyara na Ford na shekarar motar da saitin safana na inci. Safana 13 tana zamewa a kan noti rabin inci ta cinye kansa, noti M8 kuma yakan shiga ramin 5/16 zagaye biyu ko uku, sannan ya lalata zaren. Ka faɗa wa bakanikenka wannan tun ranar farko.

Bakanikena ya ce a cire 289 ɗin a sa injin Toyota, an huta.

Shi zai huta. Kai za ka biya kuɗin yanke-yanke da walda, darajar motar ta faɗi, kuma ba mai littafin da zai gyara abin da aka haɗa. In bulok ɗin bai tsage ba, a sake haɗa shi. Faɗin silinda inci huɗu ne. A ƙara masa 0.030 na inci, in ta matsa 0.040, domin bangonsa siriri ne, wuce haka yana jawo zafi. A sa sarƙar taimin mai haƙoran ƙarfe, a sa wa bawul ɗin hayaƙi mazauni mai tauri saboda fetur ɗin yanzu ba shi da dalma.

Inda aka fi yin asara shi ne sabon kamshaf. Irin na wannan inji gugar ƙarfe da ƙarfe yake yi, yana buƙatar mai mai sinadarin zinki da yawa, wanda aka rage a man motocin zamani. A shafa masa man haɗi, a zuba man horon inji, kuma da ya tashi a riƙe shi tsakanin juyi 2,000 da 2,500 na minti 20 zuwa 30, kada a bar shi a silo. Bayan haka a ci gaba da mai irin Valvoline VR1 20W-50. Tsarin wutar 289 shi ne 1-5-4-2-6-3-7-8, silinda 1 zuwa 4 a gefen fasinja. Tazarar kwantak 0.017 na inci. Giya mai sarrafa kanta, C4, man Type F take sha.

In bulok ɗin ya mutu, injin Ford 302 yana zama a gurbinsa. Sai dai a kula: 289 da 302 na farko nauyin daidaitonsu oza 28 ne, na shekarun 1980 oza 50. In aka haɗa fulawil na wannan da injin wancan, motar za ta yi ta karkarwa har mital ya tafi.

Tana ɗaukar zafi a cunkoso, musamman da bazara. An ce in cire tamostat.

Kada ka cire. Ka sa mai buɗewa a digiri 82 na ma'aunin Celsius, da murfin lagireto mai matsin psi 13. Zafin da ke zuwa a tsaye ya tafi in an hau titi, matsalar iska ce: a sa wa fanka kwaryar da ke tattara iska ta cikin lagireto, a duba tazararta. In a kan gudu take zafi, lagireto ne ya toshe ko tiyon ƙasa ke shanyewa, sai a sa mai layi uku, a wanke hanyoyin ruwan bulok. A duba taimin ma, wajen digiri 6 kafin fistin ya kai sama, domin wutar da ta makara tana dafa inji. Ruwan rijiya ko na burtsatse zalla shi ke toshe lagireto da gishiri; a haɗa tataccen ruwa da maganin lagireto, a canza duk shekara biyu.