Filin Tambaya: Tsofaffin fayafayan RAID za su iya zama madubi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, ina da ɗan shagon hoto a Tudun Wada, abokina ya ba ni fayafayan ajiya biyu masu 2TB da aka ciro daga tsohuwar sabar ofishinsu, so nake in haɗa su su zama madubin juna saboda in ɗaya ya mutu kar hotunan bikin mutane su salwanta, amma kwamfutar sai cewa take wai har yanzu suna cikin wani RAID, wato tsarin haɗa fayafayai su yi aiki kamar guda ɗaya, alhali na yi musu fomat. Kuma cikin manhajojin haɗa madubin, mdadm zan bi ko ZFS?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ai fomat ba ya taɓa tambarin da RAID ke bari a kan faifai, katin RAID yawanci can ƙarshen faifai yake rubuta bayanansa. A Linux ka fara buga lsblk ka tabbatar da sunan faifan sosai, don wallahi harafi ɗaya ka kuskure aikin shekara ya tafi, sannan wipefs -a a kansa ya goge tambarin, in kuma mdadm ne ya haɗa su da can sai mdadm --zero-superblock. Ka leƙa bakinsu ma inda ake jona waya, in SAS ne irin na sabar ba za su hau bakin SATA ɗin kwamfutarka ba sai da kati.

Abin da ya fi damuna shi ne lafiyarsu. Sa smartctl -a ka duba Power_On_Hours, wato awannin da faifan ya yi a kunne, awa 43,800 shekara biyar ke nan cur yana juyawa dare da rana, sai Reallocated da Pending masu ƙirga wuraren da suka lalace a faifan, in ka ga ba sifili ba kuma lambar na hawa to ka haƙura da shi. Kuma su biyun nan tare suka tsufa a akwati ɗaya, ba abin mamaki ba ne ɗaya ya mutu ɗayan ya bi shi kana tsakiyar kwafewa, da so samu ne ka sayi sabo ɗaya ka haɗa da tsoho ɗaya.

Shi mdadm RAID1, wato madubin mdadm, ba shi da nauyi, tsohuwar kwamfuta ma za ta ɗauka, sai dai kwafa kawai ya iya, in fayafayan suka saɓa bai san wanne ke da gaskiya ba. ZFS kuwa kowane guntun bayani yana da lambar tantancewa, kana yin zpool scrub zai gano ruɓaɓɓen ya gyara daga lafiyayyen, kuma ba ya rubutu a kan tsohon bayani kai tsaye, ga mu da 'yan NEPA ke ɗauke wa wuta ba sallama wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ya fi son RAM dai. In Windows kaɗai ka iya, Storage Spaces ma na yin madubi.

Ni da tsofaffin fayafayai ZFS zan bi, da UPS ko inbata. Amma fa hoton da yaron shago ya goge ya gogu a duka biyun nan take, haka in wuta ta zo da ƙarfi ko ɓarawo ya ɗauke kwamfutar, don haka ka samu faifai na uku kana kwafewa duk Juma'a kana tafiya da shi gida.